YADDA A KE AUNA GIRMAN GIDA DA FULOTI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, da kuma dagatai da masu unguwa waɗanda a kan kira su shaidi cinikin gida ko fuloti. Ranku ya daɗe, ba mu nufin koya wa iyayen ƙasa aikin da suka gada kaka da kakanni. Nufinmu mu tattara 'yan ƙa'idodin awo a wuri ɗaya, domin in magana ta taso a zaure malami ya sami abin dubawa.

Da yawa daga cikin rigingimun gida da ke zuwa ƙofar hakimi ba su da wani asali sai awo. Wani ya sayi gida an ce masa ɗakunan sha biyu-sha biyu ne, ya tare, gado da kujera suka ƙi shiga. Wani ya yi jinga da magini, da aka zo biya lissafinsu ya sha bamban, kowa kuwa yana rantsuwa shi ke da gaskiya. Sau da yawa duka biyun gaskiya su ke faɗi, sai dai ɗaya ya auna ta ciki, ɗaya ta waje. Irin wannan saɓani ya kan raba maƙwabta, har ya raba 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, alhali kuwa tef da fensir da rabin sa'a sun isa su hana shi.

1. AWON DA, DA AWON YANZU

Kakanninmu sun yi awo da jikinsu. Akwai kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsa na tsakiya. Akwai gaba, watau iyakar buɗewar hannuwa biyu. Akwai kuma taki. Wannan awo ya wadatar a zamanin da fili ke da yalwa. Aibinsa ɗaya ne: hannun kowa dabam. A ce kamun mai sayarwa inci 18 ne, na mai saye inci 20. In sun auna bango mai kamu 40, bambancinsu zai kai inci 80, watau ƙafa 6 da inci 8, wanda ya fi faɗin lungu.

Sabo da haka a ke amfani da ma'aunin da ba ya canzawa. Inci 12 su ne ƙafa 1, ƙafa 3 kuwa su ne yadi 1. A shekarar 1959 Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe suka daidaita a kan cewa inci 1 santimita 2.54 ne cif, ƙafa 1 kuwa mita 0.3048. Cikin shekarun 1970 Nijeriya ta koma bisa awon mita, kuma shi ne a ke rubutawa a takardun safiyo da zanen gini. A Jamhuriyar Nijar da mita a ke aiki tun zamanin Faransawa. Duk da haka har yau magina da dillalai a ƙasar nan da ƙafa su ke magana. Lalle ne malami ya san duka biyun, ya kuma iya juya ɗaya zuwa ɗaya.

2. TSAWO DABAM, GIRMAN FILI DABAM

Tsawo shi ne nisan da ke tsakanin wuri da wuri, kamar yadda a ke auna igiya. Girman fili kuwa shi ne yawan ƙasar da shimfiɗa za ta rufe. Hanya mafi sauƙi ta nuna wa talakawa wannan ita ce a yanko kwali mai ƙafa 1 ta kowane gefe. Wurin da kwalin nan ya rufe in an aje shi a ƙasa shi a ke kira murabba'in ƙafa ɗaya. In an tambayi girman ɗaki, ana tambaya ne kwali nawa irin wannan za a jera su rufe daɓen duka.

Ba sai an jera ba, lissafin sau ya isa. A auna tsawo, a auna faɗi, sa'an nan a yi wannan sau wancan. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10, layi 10 ke nan na kwalaye goma sha biyu-biyu, watau murabba'in ƙafa 120. Haka a ke yi da mita: mita 4 sau mita 3, murabba'in mita 12, wanda 'yan kasuwa ke kira sikwaya mita.

3. KURAKURAI UKU DA AKA FI YI

Na fari, kuskuren rabi. Fuloti mai ƙafa 100 sau 100 murabba'in ƙafa 10,000 ne. In an ce a raba shi biyu, waɗansu su kan ɗauka rabinsa hamsin-hamsin ne. To, 50 sau 50 murabba'in ƙafa 2,500 ne kurum, watau rubu'i. Rabin ɗari-ɗari shi ne 50 sau 100, murabba'in ƙafa 5,000. Wanda ya biya kuɗin rabi aka ba shi hamsin-hamsin, an ƙware shi rabin hakkinsa.

Na biyu, kuskuren kewaye. Mutum ya kan zaga fili da taki ya ce girmansa ɗaya da wancan, domin takin da ya yi ɗaya ne. A duba waɗannan filaye uku, kowannensu kewayensa ƙafa 300 ne:

75 sau 75, murabba'in ƙafa 5,625
50 sau 100, murabba'in ƙafa 5,000
25 sau 125, murabba'in ƙafa 3,125

Bulon da zai kewaye su da katanga ɗaya ne, amma na farko ya ɗara na ƙarshe da murabba'in ƙafa 2,500. Gwargwadon tsukewar fili, gwargwadon ƙanƙantar cikinsa.

Na uku, kuskuren inci, wanda ya fi samun malamai masu lissafi da na'ura ko da waya. Ƙafa 10 da inci 6 ba 10.6 ba ne, domin inci 12 ke cika ƙafa. Inci 3 rubu'in ƙafa ne, a rubuta 0.25; inci 6 rabi ne, a rubuta 0.5, inci 9 kuwa 0.75. Sabo da haka ƙafa 10 da inci 6 a rubuta 10.5.

4. TA CIKI KO TA WAJE?

A nan ne mafi yawan gardama ke tasowa, domin bango yana da kauri, kaurin nan kuwa ƙasa ya ke ci. Bulon siminti da aka fi gini da shi iri biyu ne, mai inci 9 da mai inci 6. A kan yi bangon waje da mai inci 9, a raba ɗakuna da mai inci 6.

A ce magini ya shata ɗaki ƙafa 12 sau 12 ta waje, ya gina da bulo mai inci 9. Bango biyu masu fuskantar juna za su ci inci 18, watau ƙafa ɗaya da rabi. Cikin ɗakin zai zama 10.5 sau 10.5, murabba'in ƙafa 110 da rubu'i, maimakon 144. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu ya tafi cikin bango, tun ba a yi filasta ba, ita ma tana da nata ɗan kauri. In kuwa ana so cikin ɗakin ya cika 12 sau 12, sai a shata 13.5 sau 13.5 ta waje, murabba'in ƙafa 182 da rubu'i.

Ginin ƙasa ya fi wannan cin wuri, domin bangon tubali ya kan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama. In kaurin gindin ƙafa 2 ne, soron da cikinsa ya ke 12 sau 12 wajensa 16 sau 16 ne, watau 256 a waje, 144 a ciki. Sabo da wannan, a ginin ƙasa a riƙa aza tef a kan daɓe, kada a ɗaga shi zuwa ƙirji, domin a sama ɗakin ya fi faɗi. In akwai ginshiƙi a tsakiya mai tallafe da azara, a auna gindinsa a ɗebe.

Ƙa'ida dai ita ce: duk wanda ya ce ɗaki sha biyu-sha biyu ne, a tambaye shi, ta ciki ko ta waje? A kuma rubuta amsarsa.

5. GIDA ƊAYA, LISSAFI HUƊU

Ga misali wanda ya kamata malami ya bi da fensir. A ce an gina ɗakuna uku a jere, kowanne cikinsa ƙafa 12 sau 12. Bangon waje inci 9, bangaye biyu da suka raba ɗakunan inci shida-shida. A gaba an yi baranda mai faɗin ƙafa 6, tsawonta daidai da ginin.

(a) Awon shimfiɗa, watau wurin da za a iya shimfiɗa tabarma kaɗai: 144 sau 3, murabba'in ƙafa 432.

(b) Awon ciki, watau duk abin da bangon waje ya kewaye, har da bangayen tsakiya: tsawo 37, faɗi 12, murabba'in ƙafa 444.

(c) Awon waje, watau ƙasar da ginin ya zauna a kai: tsawo 38.5, faɗi 13.5, murabba'in ƙafa 520, saura kaɗan.

(d) Awon waje haɗe da baranda: 38.5 sau 6 ya ba da 231, a tara da na sama, murabba'in ƙafa 751, saura kaɗan.

To, ga gini ɗaya, ga lissafi huɗu, daga 432 har 751, kuma babu na ƙarya a ciki. Kowanne yana da wurin amfaninsa. Mai sayen tayil ko leda awon shimfiɗa ya ke bukata. Mai haya ma shi ya dame shi, domin a nan iyalinsa za su kwana. Mai ƙiyasta kuɗin tushe da hukumar da ke duba yawan ƙasar da gini ya cinye, awon waje su ke dubawa. Kafinta mai rufi kuwa nasa ya fi duka, domin kwano yana zarce bango, kuma rufi mai tudu ya fi ƙasar da ke ƙarƙashinsa faɗi.

Ɓarna tana zuwa ne in an yi ciniki da lissafi ɗaya aka biya da wani. A ce an yi jingar daɓe a kan naira 1,000 kowane murabba'in ƙafa (wannan misali ne kurum, don sauƙin lissafi). Mai gida ya lissafa 432, ɗan kwangila ya lissafa 520. Tsakaninsu naira 88,000, a kan bangon da ba wanda ya daɓe.

Kada a zaci mu kaɗai ke fama da wannan. A shekarar 2013 ƙungiyoyin masu awon gine-gine na ƙasashe da dama suka taru a Bankin Duniya suka kafa haɗaka domin daidaita yadda a ke auna gini, suka fitar da ƙa'idar gidajen kwana a 2016. A wannan shekara ta 2016 ƙasar Indiya ta yi doka wadda ta tilasta wa masu gina gidajen sayarwa su bayyana wa mai saye girman cikin gidan, domin a da a kan cusa masa rabon matakala da farfajiyar jama'a cikin lissafi.

6. BENE, ZAURE, TSAKAR GIDA DA ƊAKIN DA'IRA

Gidan bene a kan auna kowane hawa dabam, sa'an nan a tara. Bene mai hawa biyu wanda ya zauna a kan murabba'in ƙafa 500 zai ba da daɓe kimanin 1,000, amma ƙasar da ya ci 500 ce. In falon ƙasa ya zarce har rufin sama ba daɓe a tsakani, sau ɗaya a ke ƙirga shi. Tsayin bango ba ya shiga lissafin daɓe ko kaɗan. Wannan sha'anin mai fenti ne da mai bulo.

A gidajenmu na gargajiya ya kamata a raba lissafi uku. Na ɗaya, ɗakunan kwana da turaka da falo. Na biyu, zaure da shigifa da madafi da rumbu ko sito da makewayi. Na uku, wurin da ba rufi, watau tsakar gida da garke. Tsakar gida tana da daraja ƙwarai, a nan mata ke yini, a nan a ke daka da shanya, amma ba a haɗa ta da lissafin gini. Mai saye ya cancanci ya san nawa ne rufaffe, nawa ne sarari.

Ɗakin da ke da lungu ko kwana, a yanka shi a takarda gida-gida, a lissafa kowanne, a tara. Falo mai 20 sau 12 da lungu mai 8 sau 6, watau 240 da 48, jimla 288.

Ɗaki mai da'ira, kamar zauren kara ko ɗakin ciyawa, nasa lissafi dabam ne. A auna faɗinsa ta ciki, tef ya ratsa tsakiya sosai. A raba biyu, a yi rabin sau kansa, abin da ya fito a yi shi sau 22, a raba da 7. Ɗaki mai faɗin ƙafa 14, rabinsa 7. 7 sau 7, 49. 49 sau 22, 1,078. A raba da 7, murabba'in ƙafa 154. Wanda ya yi 14 sau 14 zai sami 196, ya yi ƙarin 42 da babu su.

7. KARKATACCEN FULOTI

Lissafin tsawo sau faɗi ba ya yin daidai sai kusurwoyi huɗu sun miƙe sosai, kamar kusurwar takarda. Fuloti yana iya zama gefunansa 100 da 50 da 100 da 50, amma ya karkace kamar ƙyauren da ya saki. In karkatar ta sa tazarar da ke tsakanin dogayen gefunan biyu, in an auna ta a miƙe, ta koma ƙafa 40, to girman filin 4,000 ne, ko da ya ke an sayar da shi a matsayin 5,000. Kashi ɗaya bisa biyar ya salwanta, gefunan kuwa duk sun cika.

Maganin wannan shi ne awon gicciye. A ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke can ƙetare, sa'an nan a yi haka ga sauran biyun. In gefunan da ke fuskantar juna daidai su ke, gicciyen biyu kuma suka zo ɗaya, filin a miƙe ya ke. Ga fuloti mai 50 sau 100, kowane gicciye ya kamata ya zama ƙafa 111 da kimanin inci 10. A karkataccen nan da muka ambata, ɗaya zai kai ƙafa 136, ɗaya kuwa bai cika 81 ba.

Magina suna da wata tsohuwar dabara ta gwada kusurwa. Daga kusurwa a auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya gefen, a kafa tsinke a kowanne. In tsakanin tsinkayen ƙafa 5 ne cif, kusurwar ta miƙe. A babban fili a yi 30 da 40 da 50.

Filin da gefunansa duk suka bambanta, a kan raba shi alwatika-alwatika, kowace alwatika a yi gindinta sau tsayinta a raba biyu. Al'adar nan ta tara gefuna biyu a raba, sa'an nan a yi sau, ta kan ba da fiye da gaskiya in filin ya karkace. Irin wannan fili, da kowane fili mai tsada, gara a kira ma'aikacin safiyo mai rajista. A kuma tuna da abu biyu: a gangare ba a kwantar da tef ya bi ƙasa, a kan riƙe shi a miƙe kamar fuskar ruwa, domin haka masu safiyo ke awo, tef na ƙyalle kuma ya kan miƙe in ya tsufa, sabo da haka a riƙa gwada shi da na ƙarfe.

8. JUYA ƘAFA ZUWA MITA

Ga abin da ya kamata malami ya liƙa a bangon littafinsa:

Mita 1, ƙafa 3.28
Murabba'in mita 1, murabba'in ƙafa 10.76
50 sau 100 na ƙafa, murabba'in mita 464.5
100 sau 100 na ƙafa, murabba'in mita 929
Eka 1, murabba'in ƙafa 43,560, ko murabba'in mita 4,047
Hekta 1, murabba'in mita 10,000, kimanin eka biyu da rabi

A lura, wanda ya ke so ya juya girman fili kada ya raba da 3.28, ya raba da 10.76, domin tsawo da faɗi duka sun juya.

A kan ji dillalai suna cewa mita 15 sau 30 shi ne ƙafa 50 sau 100. Sun yi kusa, amma ba su cika ɗaya ba. Na mita 450 ne, na ƙafa 464.5. Bambancin murabba'in mita 14.5 ya ɗara ɗaki guda mai sha biyu-sha biyu. Babu laifi a sayar da kowanne, muddin an faɗi wanda a ke nufi. Haka nan eka ɗaya ta ɗauki fuloti takwas na 50 sau 100 da 'yar saura, amma wannan kafin a fitar da hanyoyi da magudanun ruwa ne. Mai gonar da ya yanka takwas cif bai bar hanya isasshiya ba, ya shuka rigima ga waɗanda za su zauna.

A zanen gini na zamani da milimita a ke rubuta awo. In an ga 3600, mita 3.6 ke nan, watau ƙafa 11 da kimanin inci 10. In an rubuta 1:100 a gindin zanen, ma'anarsa santimita 1 a takarda mita 1 ce a ƙasa. Adadin da aka rubuta shi ne abin bi, domin takarda ta kan ƙanƙance ko ta ƙaru wajen ɗaukar hoto.

9. AMFANIN WANNAN GA MAI GINI

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Wanda ya iya wannan lissafi ba a cika cutarsa wajen sayen kaya ba. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 murabba'in mita 13.4 ne. Tayil mai santimita 60 sau 60 yana rufe 0.36, in kwali na ɗauke da huɗu, kwali ɗaya 1.44 ke nan. Lissafi ya ba da kwali tara da ɗoriya, watau goma. A kan ƙara kimanin kashi ɗaya bisa goma sabo da yanka da fashewa, sai a sayi goma sha ɗaya. In mai aiki ya ce ashirin, akwai abin tambaya. Bulo kuwa, kimanin guda 10 ke tayar da murabba'in mita 1 na bango, a ɗebe ƙofa da taga.

Sa'an nan mai gini ya sani ba dukan fulotinsa zai gine ba. Hukumomin tsara birane, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, suna da ƙa'idar tazarar da za a bari tsakanin gini da hanya da maƙwabci, kowace jiha da tata. A je a tambaya kafin a haƙa tushe. Rushe bango bayan an kai linta asara ce da tambaya ɗaya za ta hana.

10. RABON GADO

Rabon gado aikin alƙalai ne da malamai, amma sau da yawa hakimi ko wakilinsa na wurin. A ce an bar fili mai 100 sau 100 ga 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, babu wani magaji. Kashi biyar za a yi, kowane kashi murabba'in ƙafa 2,000. Kowane namiji 4,000, mace 2,000. In an tsaga daga bakin hanya, maza su sami ƙafa arba'in-arba'in, mace ta sami 20 sau 100. A lissafi ta sami hakkinta cif, amma siririn fili irin wannan da wuya ya ginu yadda ya kamata. In kuma aka ba ta nata a baya, ba ta da ƙofa. Awo yana faɗin girma ne kaɗai. Daraja kuwa tana bin bakin hanya, da rijiya, da ingancin gini. Sabo da haka bayan an auna a kan nemi masana su yi wa kowane sashe kuɗi, domin kada a zalunci marayu da mata, waɗanda galibi ba su ne ke riƙe da tef ba.

11. ABIN DA DOKA TA CE

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna ne bisa amana domin jama'a. A birane Gwamna ke ba da hakkin zama da takardar shaidarsa, wadda a ke kira satifiket. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da hakkin zama na gargajiya. Mai satifiket ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna. Takardar ciniki da mai unguwa da dagaci da hakimi suka sa wa hannu shaida ce mai nauyi, amma ba ta maye gurbin satifiket ko zanen safiyo. Turakun siminti da masu safiyo ke kafawa a kusurwoyi, waɗanda a ke kira bikon, laifi ne a tumɓuke su ko a gusar da su. In awon tef ya saɓa da na takardar safiyo, kada a gyara da hannu, a mai da magana ofishin ƙasa da safiyo.

12. ABIN DA MALAMI ZAI RUBUTA

Kafin a sa hannu a takardar ciniki ko jinga, malami ya tabbata waɗannan suna ciki:

(1) Ma'aunin da aka yi aiki da shi, ƙafa ko mita. Kada a rubuta lamba tsirara.
(2) Tsawon kowane gefe na huɗun, da maƙwabcin da ke gabas da yamma da kudu da arewa.
(3) Awon gicciye biyu.
(4) Ko katanga na cikin awon, da kuma mai ita, in ta tarayya ce.
(5) Yawan ɗakuna, da awon kowanne ta ciki.
(6) In jinga ce, wane lissafi za a biya da shi: na shimfiɗa, na ciki, ko na waje, da baranda ko babu.
(7) Ranar awo, da wanda ya auna, da shaidu.

Ga misalin yadda za a rubuta: "Wane ɗan Wane ya sayar wa Wane gida mai ƙafa 50 ta gabas da yamma, ƙafa 100 ta kudu da arewa, an auna ta wajen katanga. Gicciye biyu, kowanne ƙafa 111 da inci 10. Ɗakuna uku, kowanne ƙafa 12 sau 12 ta ciki." A rubuta lambobi da alƙaluma, a kuma maimaita su da kalmomi, domin sifiri ɗaya ba shi da wuyar ƙarawa. A yi awon a gaban mai saye da mai sayarwa da maƙwabta, kowa ya ga kan tef da idonsa, domin gani ya kori ji. Wanda ya biya kuɗi bisa faɗar dillali kaɗai, cinikin biri a sama ya yi.

Addininmu ya tsananta gargaɗi ga masu tauye mudu, malamai kuma sun sharɗanta a san abin da a ke saye kafin ciniki ya inganta. Tef ɗin awo ma mudu ne. Muna roƙon hakimai, ranku ya daɗe, kowane ofishi ya tanadi tef na ƙarfe guda, a sa malami ya gwada misalan nan a zauren ofis har hannunsa ya faɗa, sa'an nan a karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani a taronsu na gaba. Allah ya ba mu ikon tsare amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.